Buhu mai araha ya rage mini ƙwai: in koma haɗa abincin kaji da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kajin ƙwai 300 a bayan gidana a Tudun Jukun, Zariya, sun kai wata goma. Kuɗin abinci ya kusa cinye mini jari, shi ya sa wata uku da suka wuce na koma wani abinci mai sauƙin kuɗi, kuma ina zuba dusa a kowane buhu don ya yi auki. Ba sa mutuwa, ba alamar ciwo, amma ƙwai ya sauko daga kiret takwas da rabi a rana zuwa shida da rabi, ɓawon kuma ya yi laushi. In fara haɗa abincin da kaina ne? Ina kuma son zuba burola 100 saboda Sallah.

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sa albarka a kiwon.

Yadda kika ba da labarin nan, yunwa ce ke damun kajinki, ko da kuwa mazubinsu ba ya rabuwa da abinci. Cikinsu na cika, amma abin da ake yin ƙwai da shi ba ya isa. Kafin mu je ga maganar haɗa abinci, ɗauko biro mu yi lissafi da alƙaluman da kika kawo da kanki.

Kazar ƙwai mai ruwan ƙasa tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Mu ɗauki 115. Kaji 300 za su ci kilo 34.5, su ba ki kiret takwas da rabi, ke nan kowane kiret ya tashi a kan kilo 4 da ɗan ɗoriya. Idan abinci ya yi rauni kaza takan ƙara ci don ta cike gurbi, a ce ta koma giram 125. Kilo 37.5 ke nan a rana, a kan kiret shida da rabi, kowane kiret ya ci kusan kilo 5.8. Yanzu mu sa kuɗi, na misali kawai, ke sai ki maye da farashin da kike saye a Sabon Gari. A ce buhu mai kilo 25 na farko ₦15,000 ne, na biyun kuma da dusarsa ya tsaya miki a ₦12,500. Da na farko kina kashe ₦20,700 a rana, da na biyu ₦18,750. Kin tsira da ₦1,950, kin rasa kiret biyu. Ko a wace kasuwa kika kai kiret biyu sun fi ₦1,950 nesa ba kusa ba. Kowane kiret da kike fitarwa a kan ₦2,435 na abinci, yanzu a kan ₦2,885 yake fita. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wannan ita ce lambar da nake so ki riƙa dubawa kowane mako: nawa abincin kiret ɗaya ya ci. Farashin buhu shi kaɗai ba ya faɗa miki komai. A lissafin nan na sama, sai abinci mai arahar ya kasa na farko da kusan kashi 30 cikin 100 kafin ma kuɗin abincin kowane kiret ya yi daidai da na da.

Ga abin da dusa take yi. Abincin kajin ƙwai mai kyau yana da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin 100, da kalsiyum kashi 3.5 zuwa 4. Dusar masara furotin ɗinta bai wuce kashi 10 ba, kalsiyum kuwa kusan babu. Ki zuba kilo 10 na dusa a buhu mai kilo 25, furotin ya sauko daga 17 zuwa 15, kalsiyum daga 3.8 zuwa 2.7. Bitamin da sauran ƙananan sinadarai duk sun tsinke kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don baƙi sun yi yawa. Kaza kuwa tana zuba kusan giram 2 na kalsiyum a ɓawon kowane ƙwai, kuma don ta samu wannan sai ta ci kusan giram 4 a rana. In bai zo daga abinci ba, daga ƙashinta take cirowa. Da farko ɓawo ya yi laushi, daga baya ki ga kaza ta gurfana ta kasa tashi, a ce miki ai aljanu ne ko sanyi. Sannan kaza ba ta raba abinci daidai tsakanin jikinta da ƙwai. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin abin da ta ci yana tafiya ne wajen riƙe ranta, numfashi da ɗumin jiki da motsi, ragowar ne ke zama ƙwai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk abin da kika rage, daga rabon ƙwan yake fita.

Saboda haka dusar nan ki daina ta daga yau. Ki koma abincinki na da, amma a hankali cikin mako guda: kwana biyu kashi ɗaya na mai kyau a kan uku na wanda suke ci, kwana biyu rabi da rabi, haka har ki sauya gaba ɗaya. Kajin wata goma suna da sauran ƙarfi, a shekarunsu ya kamata 100 su ba ki ƙwai 85 ko fiye. Ki ba su mako biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci.

To ina za a rage kuɗin, tunda tsadar gaskiya ce? Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dakon masara da na niƙa suka hau, babu mai kiwon da bai ji a jikinsa ba. Wuri na farko da nake dubawa idan na shiga gidan kaji shi ne ƙasa. Ina tona shimfiɗar da ƙafa a gindin mazubi. In na ga garin abinci a cikin diddigar katako, na san inda wani ɓangare na ribar yake. Kada a cika mazubi ya wuce rabi, kashi ɗaya cikin uku ma ya fi, kuma bakinsa ya yi daidai da gadon bayan kaza, ba a ƙasa ba inda za ta sa ƙafa ta yi tono. Sai ɓeraye. Babban ɓera ɗaya yana cin giram 20 zuwa 30 a dare, ya kuma ɓata wani da fitsari da kashi. Ɓeraye biyar kaza ɗaya ce da kike ciyarwa ba ta yi miki ƙwai.

Wuri na biyu, kajin da suka daina aiki. A kowane garke akwai 'yan cin banza. Ki shiga da daddare da tocila ki kama su ɗaya bayan ɗaya. Mai yin ƙwai zankonta ja ne, mai laushi da ɗumi, duburarta da danshi, kuma yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwan nan biyu na gindinta. Wadda ta daina, zankon ya yanƙwane ya yi fari-fari, ƙasusuwan sun matse, yatsa ɗaya da ƙyar. Amma ki jira sai bayan makonni ukun nan na gyaran abinci, don yanzu da yawa yunwa ce ta tsayar da su, za su dawo. Wadda ba ta dawo ba ki ware ta mako guda ki tabbatar, sannan ki kai ta kasuwa. Kaza 20 marasa ƙwai suna cinye kusan buhu uku a wata. Na san mata da yawa da ke jin nauyin sayar da kazar da suka raina tun tana 'yar tsako, amma sabo da kaza ba ya hana yanka.

Yanzu maganar haɗa abinci. Amsata ita ce e, zai iya yi miki sauƙi, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin masara ce. Fiye da rabin abincin kaji masara ne, mu kuma a nan Allah Ya ajiye mu a tsakiyar ƙasar masara: Giwa, Soba, Makarfi, Ikara, har zuwa Saminaka. Manyan kamfanonin abincin kaji daga yankin nan suke ɗiba, shi ya sa Olam ta kafa katafaren injinta a Chikun a 2017. Abin da suke yi shi ne saye da kaka su tara. Idan ke ma za ki iya sayen masararki tsakanin Nuwamba da Janairu, kin samu rabin ribar haɗa abinci. Idan kuwa sai a watan Yuli ko Agusta za ki riƙa bin kasuwa kina auno tiya-tiya, sau da yawa za ki tarar abin da kika haɗa ya kamo kuɗin na kamfani, ga wahala, ga rashin tabbas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kajinki 300 suna cin kusan tan ɗaya a wata, wato buhu 41 na kilo 25. Masarar da ke ciki kusan kilo 570 ce, buhu shida na kilo 100. Na wata shida buhu 35 ke nan. Ki duba jarinki da ɗakin ajiyarki da wannan lambar.

Ga haɗin da za ki iya farawa da shi na kilo 100 don masu ƙwai: masara kilo 55, kek ɗin waken suya kilo 23, dusar alkama kilo 10, dutsen laimiston kilo 8.5, garin ƙashi kilo 2.5. Kilo 99 ke nan. Kilo ɗayan da ya rage shi ne gishiri giram 300, firimis (haɗin bitamin da ƙananan sinadarai) na masu ƙwai giram 250, metiyonin giram 200, laisin giram 100 (waɗannan biyun tubalan furotin ne), da maganin ɗaure gubar fumfuna giram 150. Wannan zai ba ki furotin kusan kashi 16.5 da kalsiyum kusan 3.8.

Wannan kilo ɗayan na ƙarshe shi nake so ki riƙe da muhimmanci, domin a nan mutane ke yin rowar da ba ta da amfani. Kaza ba furotin a dunƙule take buƙata ba, ƙananan tubalan da aka gina shi da su take buƙata, kuma a haɗin masara da waken suya wanda ke fara ƙarewa shi ne metiyonin. In ya gaza, ƙwai ya ƙanƙance, kaji su fara fizgar gashin juna, ragowar furotin ɗin da kika saya da tsada ya bi kashi ya fita. Giram 200 ne kacal a kilo 100. Firimis ma haka. Ki saye su a shagon da kika yarda da shi, ki duba ranar lalacewa, kada ki karɓi wanda aka ƙulla a leda ba suna, kuma kada ki ajiye su inda rana ke duka. Dole ki mallaki ƙaramin sikeli mai auna giram. Gwangwanin madara da murfin kwalba ba ma'auni ba ne a nan. Wajen haɗawa kuma, ki fara cuɗa ƙananan da kilo biyu na dusar alkama, ki ƙara a kan kilo goma, sannan ki zuba cikin babban tulin a kan daɓen siminti a juya da shebur har launin ya zama ɗaya. Giram 250 da aka watsa kai tsaye a kan kilo 100 ba zai taɓa zagayawa ba, wata kaza ta samu ninki, wata ta tashi a tutar babu.

Waken suya ɗanye ba a ba kaji. Yana da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, sai wuta ta kashe shi. In za ki soya da kanki, ki soya har ƙamshin ɗanyen wake ya ɓace, cikinsa ya yi ruwan zuma. In ya ƙone kuma laisin ɗin da ke ciki ya lalace. Soyayyen wake furotin ɗinsa kashi 36 zuwa 38 ne, bai kai na kek ba mai 44 ko fiye, amma yana da mai kusan kashi 18, wanda ke da amfani a lokacin zafi. Ƙuli-ƙuli ko tunkuza na iya maye gurbin wani ɓangare na waken suya idan ya fi sauƙi, ni ba na wuce kashi ɗaya cikin uku, saboda laisin da metiyonin ɗinsa kaɗan ne. Kek ɗin gurya kuwa, duk da arhar sa ta wajen Funtuwa, ki bar wa masu shanu da tumaki. Yana da guba mai ɓata launin gwaiduwa idan ƙwai ya kwana biyu a ajiye.

Dawa fa? Shekarar da ta fi masara sauƙi, kaura ko farafara na iya maye rabin masarar ba tare da matsala ba. Jar dawa mai ɗaci-ɗaci ce ake gudu, don abin da ke sa ta bauri yana ɗaure furotin. Farar masara da farar dawa ba sa ba gwaiduwa launi, masu saye kuwa ja suke so, to busasshen garin zogale kilo 1 zuwa 2 a kilo 100 yana gyara wannan. In kuna noma a gida, ki sa a nemo irin masarar SAMMAZ 14 na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, laisin ɗinta ya fi na masarar da aka saba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a haɗin gida shi ne fumfuna. Masara ko gyaɗar da aka tara da danshi tana tsirar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ba ta da wari, kuma niƙa ko soyawa ba sa kashe ta. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sanadin garin gyaɗar da aka kai daga Burazil. Ba lallai ta kashe kajinki ba. Hanta take ci a hankali, ƙwai ya ragu, rigakafin da kika biya kuɗi aka yi ya ƙi kamawa. Na taɓa zuwa wata gona a hanyar Jos inda cutar Gumboro ta yi ta kwasar 'yan tsaki zubi biyu a jere duk da an yi rigakafi a kan lokaci. Mai gonar ya zargi maƙyanƙyasa, ya zargi maganin. Da muka buɗe ɗakin ajiya, sai ga masarar da ya saya da rahusa a ƙarshen damina, jibge a kan daɓe, ta ƙasan ta dunƙule ta yi kore. Masarar ajiya danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100: ki ciza, ta fashe da ƙara. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari ba tare da magani ba, amma sai hatsin ya bushe sarai. Abincin da aka riga aka niƙa aka haɗa kuma kada ya wuce mako biyu zuwa uku, musamman a watan Agusta.

Akwai kuma algus. Ana cuɗa buntun shinkafa a dusar alkama, ana zuba yashi a garin kifi da garin ƙashi. Ki zuba cokali biyu a kofin gilashi da ruwa ki motsa: yashi zai kwanta a ƙasa, buntu ya taso. Mafi muni shi ne takin yuriya da wasu ke sa wa garin kifi. A ɗakin gwaji naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25 a kira shi furotin, don haka yuriya na ɗaga lambar, alhali kaza ba saniya ba ce, ba ta iya amfani da shi. Shi ya sa ban sa garin kifi a haɗin da na ba ki ba. Mu a Zariya ba mu da uzuri a kan gwaji: ga sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, wadda ta fitar da kazar Shika Brown a shekarar 2000. In za ki sayi kaya da yawa daga sabon dillali, ki ɗebi samfur daga buhu huɗu ko biyar ki kai a auna miki.

Idan duk wannan ya yi miki yawa, akwai hanya ta tsakiya, kuma ita nake ba masu kaji ƙasa da 500 shawara su fara da ita. Ki sayi konsantiret na kamfani, wanda an riga an haɗa furotin da ƙananan sinadarai a ciki, ke ki kawo masararki da dusar alkama, ki bi ma'aunin da aka rubuta a jikin buhun ba ƙari ba ragi. Kin ci ribar masarar kaka, kin kuma tsallake ramin da ya fi zurfi. Ko wace hanya kika bi, ki fara gwadawa a kan kaji 50 da kika ware, na mako uku, kina rubuta abin da suka ci da ƙwan da suka yi.

Ki kuma sa ido a kan zafin Maris zuwa Mayu. Kaza na rage ci a lokacin, don haka a nan ne abinci mai rauni ya fi yin ɓarna. Ki ba su kaɗan da asuba, mafi yawa da la'asar sakaliya, domin da dare ake gina ɓawon ƙwai. Rabin laimiston ɗin ya zama mai tsakuwa-tsakuwa kamar ɓarzajjen hatsi, ya fi daɗewa a ƙundu har cikin dare. Kaza na shan ruwa kusan ninki biyu na abin da ta ci, a zafi fiye da haka, kuma in ruwan ya yi ɗumi ba za ta sha ba, in ba ta sha ba ba za ta ci ba. Randa a inuwa ta fi tankin roba a saman kwano.

Burola kuma ba na so ki haɗa musu abincin farko da kanki. Mako biyu zuwa uku na farko ki ba su sitata na kamfani mai furotin kashi 22 zuwa 23. Abin da suke ci a lokacin kaɗan ne, kusan kilo ɗaya kowace, kuma abin da ɗan tsako ya rasa a makon farko ba ya ramawa. Finisha, abincin da suke ci bayan sitata, mai furotin kashi 18 zuwa 20, ita ce ke cin kuɗi, a nan masararki za ta yi amfani. Ki lissafa kilo 4 zuwa 4.5 ga kowace kaza har mako shida, ta kai kilo 2 da ɗoriya. Na 100 kusan buhu 16 zuwa 18 ke nan. Bayan mako bakwai kowace na cin kusan giram 200 a rana, naman da take ƙarawa kuma yana raguwa, don haka ki ƙirga kwana 45 baya daga ranar da kike sa ran Sallah, ki karɓi 'yan tsakin a ranar, kuma ki yi magana da masu saye tun suna mako huɗu. Ɗakinsu ya zama daban da na masu ƙwai, da takalmi daban a bakin ƙofa.

Bayan mako uku ki turo mini kilo nawa suka ci a kowace rana, kiret nawa kika kwasa, da ƙwai nawa suka fashe, tare da farashin masara da na kek ɗin waken suya a ranar, sai mu lissafa ko konsantiret ne zai fi miki a bana ko cikakken haɗi.